Mawaƙin Da Rami Ya Ƙi

Sau uku Zinatu tana farke hannun rigar nan tana sake ɗinkewa, sau ukun yana fitowa a karkace. A na huɗu sai ta ɗauke ƙafarta daga kan keken ɗinki, ta kifa goshi a kan yadin. Ba barci take ji ba. Gajiya ce irin wadda kwanciya ba ta yi mata magani.

"Ɗago ki ga abin arziki," in ji Inna Indo, mahaifiyarta, tana dire kwando a gefen keken. "Lemo ne da dabino. Fatahu ya aiko. Yaron nan bai taɓa zuwa ƙofar gidan nan hannu rabbana ba."

"Allah ya saka masa da alheri."

"Iyakar abin da za ki ce ke nan?"

"To Inna, me zan ce?"

"Ki ce kin yarda, kowa ya huta. Ke kin gaji, ni na gaji, ubanki ya gaji. Wata takwas ana abu ɗaya kamar cin ƙwan makauniya."

Zinatu ta gyara yadin. Ta mayar da ƙafarta kan keken.

Shekara biyu ke nan da dawowarta gidan mahaifinta, Malam Garba, a layin gidajen kamfani na Akokan, garin masu haƙar uraniyom kusa da Arlit. Wata tara kacal ta yi da aurenta na fari. Mijinta Nomau ya shiga ramin ƙarfen uraniyom da safe da ƙafarsa, dutse ya rufto, aka fito da shi da azahar a kan makara. Tun daga ranar ta rungumi ɗinki, ta rufe kunnenta ga masu zuwa zawarci, har ranar da wani dogon mutum mai sanyin magana ya kawo mata ɗinkin riguna shida iri ɗaya, na makaɗan da ke wasa a gidan rawar ma'aikata duk ran Asabar. Zayyadu ke nan, ɗan Tasawa, mai gita kuma mai waƙar ƙungiyar.

Ranar da maganarsa ta isa kunnen Malam Garba, abu ɗaya ya ce: "Ni Garba ban haifi ɗiyar da zan ba maroƙi ba."

A wannan zamanin kuɗin uraniyom na zuba, mutane na kwararowa daga ko'ina, kuma maza a Arlit da Akokan iri biyu ne: mai lamba da marar lamba. Wanda kamfani ya ba lambar aiki yana da gidan siminti, da famfo, da lantarki, da likita kyauta. Marar lamba yana can Bukoki, unguwar da aka gina da ƙarfen tano, wato durom, da kwali, yana sayen ruwa a bido, wato jarka. Fatahu direban kamfani ne, yana da lamba, kuma aminin marigayi Nomau ne. Zayyadu yana da gita da ɗaki ɗaya a Bukoki.

Sai da Zinatu ta yi wata huɗu tana kuka kafin Malam Garba ya sassauto. Ya ce yaron ya ajiye gita, ya samo lamba, sa'annan a yi magana. Amma lambar da ake ba wanda bai yi lakwal, wato boko, mai zurfi ba guda ɗaya ce: ta shiga rami.

Bayan la'asar Zinatu ta ji sallamar Zayyadu a ƙofar gida. Da ƙyar ta gane muryar, don ta dushe ƙwarai.

Ta same shi zaune a kan bencin da ke inuwar bango, ya jingina kai, idanunsa a rufe. Ya rame. Yatsun hannunsa na hagu duk sun tsage, ya naɗe biyu da tsumma.

"Sannu da hanya. An tashi bikin?"

"An tashi jiya," in ji shi. "Kwana uku, Zinatu. Ango na rawa, abokan ango na rawa, uwar ango ta ce a maimaita waƙarta har sau bakwai. Da aka kawo abinci, sai da masu gadi suka ci suka ƙoshi sannan aka tuna da mu. Aka miƙo mana kwano ta bayan katanga."

"Ai ka saba."

"Na saba. Abin da ya ishe ni ke nan, sabon."

Ta zauna a ɗaya ƙarshen bencin. Ta ga yana ta murza wata takarda a aljihun gaba, yana fito da ita yana mayarwa.

"Mece ce wannan?"

Ya kawar da kai. Can ya ce, "Na je bizit."

Ko yaron goye a Akokan ya san bizit: awon lafiyar da likitan kamfani ke yi wa mutum kafin a ba shi hular kwano da fitila.

"Bizit na me, Zayyadu?"

"Kin sani."

"Ka yi mini alkawari. Da bakinka ka ce ba za ka shiga ba."

"Na ce."

"To me ya kai ka?"

"Ke kika kai ni," ya ce, ba tare da ɗaga murya ba. "Shekara goma sha ɗaya ina sa mutane rawa. Na aurar da rabin garin nan da bakina. Ni kuma in na zo neman aure sai a tambaye ni, wace sana'a kake yi? Na gaji da zama a bencin nan kamar mai jiran sadaka. Na ce in rami ne kuɗin aurenki, to a ba ni fitilar."

Hawaye suka zubo mata, ba ta ko share ba.

"Kai ba ka san abin da kake faɗi ba. Ka taɓa tsayuwa a bakin ƙofar kamfani cikin mata ɗari, jiniya na kuka, kowace na addu'a Allah ya sa ba nata ba ne? Ni na tsaya. Na yi addu'ar, kuma nawa ne. Har yau in jiniyar tashi daga aiki ta yi ƙara, sai na ga Baba ya sauko daga motar ma'aikata nake iya haɗiye yawu. Kai kaɗai ne namijin da na sani a garin nan da rana ke ganinsa tun fitowarta har faɗuwarta. Shi ne za ka je ka..."

Kuka ya ci ƙarfinta.

Zayyadu ya yi wata ƴar dariya marar daɗi.

"Share hawayenki. Ba su ɗauke ni ba."

Ta ɗago da sauri. "Ba su ɗauke ka ba?"

"Rami ma ya ce ba ya so."

"Alhamdu lillahi," ta ce, tana dafe ƙirji. "Alhamdu lillahi. Allah na gode maka."

"Tsaya ki ji dalili tukuna."

Ya warware takardar a kan gwiwarsa, duk da ba karantawa zai yi ba.

"Sun auna ƙirji, lafiya. Ido, lafiya. Sai likitan ya sa ni a wani ɗan ɗaki, ya kifa mini wani abu a kunnuwa, ya ce in na ji ƙara in ɗaga hannu. Na zauna ina jira. Ina ta jira, har na fara jin haushi, na ce baturen nan ya manta da ni. Da ya buɗe ƙofa sai ya ce mini ai tun ɗazu abin ke kuka."

Zinatu ta zuba masa ido.

"Kunnen hagu ya mutu," in ji shi. "Na dama ya kama hanya. Ya tambaye ni aikina, na gaya masa. Ya ce a wane gefe akwatin ƙara sauti yake tsayawa in muna wasa? Na ce hagu. Shekara nawa? Na ce shida. Sai ya girgiza kai. Ya ce in na ci gaba, ba zai yi mini alkawarin shekara uku ba."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Na daɗe da sani, ƙin yarda na yi. Wata huɗu ke nan Rhissa mai ganga yana taka mini ƙafa a ɓoye duk lokacin da na kauce wa kiɗa. Bai taɓa ce mini komai ba. Ranar Asabar ɗin da ta wuce na shiga waƙa, ashe sun riga ni da nisa. Mutane suka ɗauka sabon salo ne, har da tafi."

Ya dubi yatsunsa.

"Kin ga ni yanzu. Ban yi wa rami ba, kuma kiɗan ma ya fara sallamata."

Ta buɗe baki za ta yi magana, sai motar ma'aikata ta tsaya a bakin layi. Malam Garba ya sauko, hular kwano a hammata, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da buhu. Zayyadu ya zame daga benci ya durƙusa.

"Barka da aiki, Baba."

"Yauwa. Zauna abinka." Malam Garba ya zauna a inda Zayyadu ya tashi. Tari ya sarƙe shi, ya daɗe yana yi, har sai da Zinatu ta ruga ta kawo ruwa. Da ya sha ya ce, "Tsaya, kada ki shiga. Maganar ta ku biyu ce."

Ta durƙusa daga gefe.

"Na san abin da ke cikin takardar nan," ya ce wa Zayyadu. "Ni na kai sunanka biro, ofishin ɗaukar ma'aikata. Na ce tunda yaron ya nuna da gaske yake, bari in kama masa. Ɗazu aka gaya mini. Kada ka ji haushin likita. Rami yana magana kafin ya faɗi, ƙara kaɗan yake yi kamar an taka busasshen kara. Wanda ba ya ji, kashe kansa zai yi ya kashe na kusa da shi."

"Haka ne, Baba."

"Ka ɗauka ƙinka nake yi. Da farko na ƙi ka, ba zan ɓoye ba. Mu a gidanmu ba mu haɗa jini da maroƙa ba. Amma wata takwas ina kallonka. Ba ka sha, ba ka neman mata, kana salla. Yanzu ba wannan ce damuwata ba."

Ya sake yin tari, ya goge baki da hannun riga.

"Likitan da ya auna kunnenka, shi ya auna ƙirjina makon jiya. Ya ce ƙirjin ya gama aikinsa. Yau ce ranata ta ƙarshe a rami. Bayan Babbar Salla zan mayar da makullin gidan nan, mu koma Mirriya ni da uwarta."

"Baba!" Zinatu ta dafe baki. "Shi ne ba ka faɗa ba?"

"Ga shi na faɗa." Bai dube ta ba. "Zayyadu, tambaya zan yi maka, ka ba ni amsa tsakaninka da Allah. Akwai famfo a ɗakinka?"

"Babu."

"In ta kwanta ciwo, wane likita zai karɓe ta?"

Zayyadu ya sauke ido kan takardarsa, Malam Garba ya ci gaba.

"Yau kana da kunne ɗaya kana ci da shi. Ran da ya tafi, da me za ka riƙe ta? Ni ina Mirriya, tafiyar kwana huɗu a babbar mota kamiyo, in ma ina raye. Na riga na ga yarinyar nan cikin takaba sau ɗaya. So kake in tafi in bar ta cikin kwali da kurma?"

Kalmar ta faɗi a tsakaninsu kamar dutse. Malam Garba kansa sai da ya sunkuyar da kai.

Zinatu ta dubi Zayyadu, tana roƙonsa da ido ya ce wani abu, ko me ne ne. Mutumin da ke iya tsara baiti ashirin a tsaye ba tare da ya yi tuntuɓe ba, yau ya rasa kalma ɗaya.

"Gaskiya ka faɗa, Baba," ya ce a ƙarshe. "Ba ni da amsa."

"Ran Juma'a in an sauko masallaci kawun Fatahu zai zo jin inda aka kwana. Yau Talata. Ban ce dole ba. Amma ku duka kun ji."

Zayyadu ya miƙe, ya ninke takardarsa, ya yi sallama. Ya kama layi yana tafiya, kafaɗunsa a zube.

"Zayyadu!" ta kira.

Bai waiwayo ba.

"Zayyadu!"

Har ya sha kwana. Ta tsaya riƙe da ƙofa, ba ta san ko ƙin juyowa ya yi ba, ko kuwa bai ji ba. Kuma ta rasa wanne ya fi ciwo a cikin biyun.

Ranar Laraba ba ta taɓa keke ba, ba ta taɓa abinci ba. Inna Indo ta shigo ɗaki ta zauna a bakin gado tana matsar ƙwalla.

"Ke ba ki tausayin ubanki? Kina jin yadda yake tari. Mutumin nan abu ɗaya ya rage masa a duniya, ya ga kin zauna a inuwa. Fatahu me ya yi miki? Shi ya ɗauki makarar mijinki. Shekara biyu yana jira, bai taɓa ɗaga miki murya ba."

"Bai yi mini komai ba, Inna. Da mugu ne da abin ya zo mini da sauƙi."

"To?"

"In na dube shi, ranar nan nake gani. Shi ma in ya dube ni, abokinsa yake tunawa. Gidan makoki za mu gina, ba gidan aure ba."

"So dai, so dai! Da muka yi namu auren wa ya tambaye mu so?"

Zinatu ta juya fuska bango. Inna ta gaji da magana ta fita.

Ranar Alhamis da hantsi ta sami mahaifinta zaune a tsakar gida. Jiya da yau ne kawai cikin shekaru rana ta same shi a gida a irin wannan lokaci, ya rasa abin da zai yi da hannuwansa, sai jujjuya carbi yake. Ta durƙusa a gabansa.

"Baba, in ka ba ni izini zan yi magana."

"Ina ji."

"Na auri mai lamba. Kai ka zaɓa mini shi, kuma ka zaɓa mini mutumin kirki, Allah ya ji ƙansa. Gidan siminti, famfo, lantarki, babu abin da na rasa. Wata tara. Ran da na gama takaba aka zo karɓar makulli. Kai ma ga shi, shekara goma kana ba su ƙarfinka, makullin za ka mayar. Baba, inuwar nan da kake nema mini ta aro ce."

Carbin ya tsaya a hannunsa.

"Keken nan nawa ne," ta ci gaba. "Ba mai karɓe shi. Matan ma'aikata ba za su daina ɗinki ba. Shi kuma in kunne ya tafi, hannu bai tafi ba. Samari nawa ke binsa ya koya musu gita yana cewa ba shi da lokaci? Zai zauna ya koyar. Ba za mu yi arziki ba, na sani. Zan sayi ruwa a bido, na sani. Amma zan san inda mijina yake da rana tsaka. Ni dai iyakar abin da nake roƙo ke nan."

Malam Garba ya daɗe yana kallon ƙasa. Inna Indo ta tsaya a ƙofar madafa da ludayi a hannu.

"Kin girma," ya ce a hankali. "Ban san ranar da kika girma ba, ina rami." Ya ja numfashi, ƙirjin na ƙara. "Bazawara ce ke, addini ya ba ki bakinki, ni ba zan ƙwace ba. Amma shekaranjiya na tambayi yaron nan, ya ce ba shi da amsa. Ke kika amsa masa. Ba zan ba da ɗiyata ga wanda ba zai iya buɗe baki ya ce zan iya ba. Ya zo da kansa, da wani babba nasa, gobe kafin a tafi masallaci. In ya zo, na ba shi. In bai zo ba, kawun Fatahu zai same ni, kuma kada ki sake kawo mini sunan mawaƙin nan."

"Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma."

"Tashi ki je. Ba na son kuka."

Ta zari mayafi da jakarta, ta tari taksin Arlit. Daga tasha ta taka da ƙafa zuwa Bukoki, cikin lungunan da ƙarfen tano ke mayar da zafin rana kamar tanda. Sau ɗaya ta taɓa ganin ɗakin daga nesa. Ta same shi da kwaɗo a ƙofa.

Wani tsoho Ba'abzine da ke ƙira a rumfar da ke kusa ya ɗago kai daga zuga-zuginsa. Akoli sunansa, maƙwabcin Zayyadu.

"Kai ne Zinatu?" ya tambaya da irin Hausarsu.

"Ni ce, Baba. Ina mai ɗakin?"

"Ya tafi. Shi da Rhissa da sauran duka. Jiya da la'asar suka hau kamiyo, Agadas."

Ta dafa ƙarfen bango, zafi ya sa ta janye hannu.

"Wasa suka je yi? Yaushe za su dawo?"

"Ba wasa ba. Asabar za su wuce Yamai. Tun bara gidan rediyo yake kiransu, shi ne yake ƙi, don kai. Jiya ya ce wa Rhissa su tafi, yana so a ɗauki waƙoƙinsa a faifai tun yana jin su. Ya ba ni tabarma da butar shayi. Ya ce ɗaki in ba wani." Tsohon ya dube ta da tausayi. "Ya ce in ka zo, in ce ka yafe masa. Ya ce mai mota ya fi shi."

Zinatu ta zauna a kan wani dutse a bakin rumfar. Ko kukan ma ya ƙi zuwa. Agadas tafiyar yini guda ce a kamiyo, don kwalta ba ta iso ba tukuna. Ba ta san gidan da suka sauka ba balle ta nemi a buga waya. In ta bi kamiyon yamma, kafin ta isa ta nemo shi su juyo, an daɗe da saukowa daga masallaci.

"Babu motar da ke zuwa yau ta dawo gobe da safe?"

Akoli ya yi tunani. "Guda ɗaya. Ƙaramar motar kamfani mai kai wasiƙu. Duk Alhamis da azahar yana tafiya, Juma'a da hantsi yana nan."

Ba ta tambayi wanda ke tuƙa ta ba. Ta sani.

Ta ciro littafin da take rubuta awon riguna, ta yagi takarda ɗaya, ta rubuta a kan gwiwarta: Baba ya yarda. Ka zo da babba gobe kafin masallaci. In ba ka zo ba shi ke nan. Ta ninke ta huɗu.

Ta iske Fatahu a bakin garejin kamfani yana ɗaure jarkokin ruwa a bayan mota. Da ya hango ta fuskarsa ta washe, ya goge hannu a wando ya taho. Da ya matso ya ga idanunta, sai murmushin ya ɗauke.

"Lafiya, Zinatu? Jikin Baba ne?"

"Baba da sauƙi. Alfarma na zo nema."

"Faɗi. In ina da ita, kin samu."

Ta miƙa takardar.

"Makaɗan Asabar suna Agadas. Duk wanda ka tambaya a tasha zai nuna maka masaukinsu. Ka ba Zayyadu wannan. In ya yarda... ka taho da shi."

Fatahu bai karɓa ba. Ya dubi takardar, ya dube ta.

"Gobe kawuna zai je gidanku."

"Na sani."

"Ya sa an wanke masa babbar riga. Goro ma an saya."

"Na sani, Fatahu."

"Kin san abin da kike miƙo mini kuwa? Wuƙa ce, kika ce in kai wa wani ya yanka ni, kuma in ɗauko shi a motata."

"Na sani." Hawayen da suka ƙi zuwa ɗazu suka ɓalle. "Wallahi na sani. Ba ni da bakin ba ka haƙuri."

"To don me sai ni? Duk garin nan?"

"Don ban san wani mai amana kamarka ba."

Ya juya mata baya, ya dafa ƙofar mota da hannu biyu, ya daɗe a haka. Wani ma'aikaci ya leƙo daga gareji ya ce lokaci ya yi, buhunan wasiƙu sun shiga.

"Shekara biyu," in ji Fatahu, kamar da kansa yake magana. "Na ce in na yi haƙuri za ki gan ni. Ashe kin gan ni. Ɗan aike kika gani."

Ya juyo. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja. Ya zare takardar daga yatsunta, bai buɗe ba, ya sa a aljihun gaba ya danne maɓalli.

"Koma gida," ya ce. "Rana ta yi zafi."

Ya shiga ya tayar da mota. Mai gadi ya ɗage sandar ƙofa, motar ta fita ta miƙi hanyar kudu, tana ƙanƙancewa cikin hucin rana har ta ɓace.

Zinatu ta tsaya a wurin, mayafinta ya zame bisa kafaɗa. Sai a lokacin ta tuna: Fatahu ya karɓi takardar, amma bai ce mata to ba.